Yadda ake gane ƙananan ƙwarin da ke cin mushe, daga bakin dam zuwa gaɓar teku

Duk lokacin da aka shiga zangon rubuta furojet, tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini. Ɗalibi zai turo hoton wani ɗan baƙin abu a tafin hannunsa, hoton ma dishi-dishi, ya ce, "Malam, a jikin mataccen kifi na same shi a bakin Tiga, kuma ba ya tashi. Ko shi ne ƙwaron nan marar fiffike da ake cewa yana cin mushe a gaɓar teku?" Kusan kullum amsata a'a ce. Na farko, rashin tashi daban, rashin fiffike daban. Na biyu, tsakanin Kano da teku akwai tafiyar kusan kilomita 1,000, kuma ƙwarin gaɓar teku ba sa zama a bakin ruwan daɗi don kawai shi ma ruwa ne. Na gaji da maimaita wannan ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na jera aikin yadda nake yin sa, ko a nan gida za ka yi ko kana da hanyar zuwa Legas.

1. Haɗa kayan aiki

Abu ɗaya ne zai ci maka kuɗi na a zo a gani: gilashin ƙara girma na hannu, mai ninka abu sau 10, in da hali wanda ke da sau 20 a ɗaya gefen. Masu sayar da kayan gyaran waya a Farm Centre da masu gyaran agogo suna da irinsa. Kada ka sayi babban nan mai mariƙi da dattawa ke karanta jarida da shi, ninkinsa bai wuce sau 2 ko 3 ba, ba zai nuna maka gaɓar ƙafa ba.

Sauran kayan duk na sauƙi ne. Ƙananan kwalabe masu murfin da ke ɗauruwa sosai, sifirit, safar hannu ta roba da takunkumi, duk a kemis ɗaya za ka same su. Sai matsefata, gashin kaza ko ɗan burushin zane mai laushi, farin faranti, rariya, fensir, farar takarda mai ɗan kauri, rula mai milimita, fil, kofunan roba, guntun ragar waya da tocila. Madubin ɗakin gwaji kuwa, wato na'urar da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, ba a sayen sa don wannan aiki, roƙa ake yi a sashen nazarin halittu, kuma wajen ƙirga gaɓoɓin tafin ƙafa kawai za ka buƙace shi.

Game da sifirit: wanda ƙarfinsa ya kai kashi 70 cikin 100 ake so. Idan mai launin shuɗi ko shunayya aka miƙo maka, ka mayar, zai rina maka ƙwaron. Idan kuma akwai niyyar a kai samfurin gwajin ƙwayar halitta nan gaba, wannan yana son mai kashi 95, kuma ka faɗa wa malamin da ke duba aikinka tun kafin ka fita.

2. Zaɓi wuri da lokaci

A cikin Kano wurare uku ne ba sa ba ni kunya. Wajen masu bandar kifi a 'Yan Kura da Sabon Gari, inda kwalayen kifi ke sauka daga Baga da yankin Haɗeja. Wajen masu fata, ko a majemar Ƙofar Wambai ko inda ake shanya ɗanyar fata kafin ta tafi kamfanonin Challawa da Sharaɗa. Sai bakin dam, Tiga ko Bagauda ko Wasai, inda masunta ke zubar da kifin da ya lalace. A kasuwa kada ka doshi kwalin mutum da matsefata a hannu. Ka yi sallama, ka gaisa, ka ce, "Alhaji, ɗalibi ne ni, garin da ke ƙasan kwalin nan nake roƙo." Wannan garin, wato ɓurɓushin kifi da ke taruwa a gindin kwali, shi ne taskar. Yawanci dariya za a yi maka a juye maka shi a leda.

Mushe ba ya karɓar baƙinsa rana ɗaya. Ƙudaje ne ke fara sauka, su yi ƙwai, tsutsa ta fito. Masu cin tsutsar su biyo baya. Sai nama ya fara bushewa sannan masu cin busasshe su iso, na ƙarshe kuma su ne masu cin gashi da fata. Da bazara da hunturu a Kano ɗan kifi kan bushe cikin kwana biyu ko uku, don haka jerin yakan taƙaice, masu son busasshe su zo da wuri. Da damina ya fi ja. Wanda ya je sau ɗaya ya dawo, ɓangare ɗaya kawai ya gani.

Idan gaɓar teku ce, Badagry ko Lekki ko Ibeno ta jihar Akwa Ibom, abin da za ka nema shi ne layin tarkacen da ruwa ya bari a iyakar inda ya ciko: ciyawar teku, itace, ɓawon kaguwa, matattun kifi. Ruwan teku yana cikowa ya janye kusan sau biyu a kwana guda, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kimanin minti 50, saboda haka ka tambayi masunta, ka fita lokacin da ya fara janyewa. Yawancin ƙwarin nan da rana suna binne a yashi ƙarƙashin tarkacen, da dare suke fitowa.

Gargaɗi, kuma ba na wasa ba. Kada ka taɓa dabbar da ta faɗi ta mutu haka kawai, musamman saniya, tunkiya ko akuyar da jini ke fita ta hanci ko baki. A watan Yulin 2023 an tabbatar da cutar antaraks a wata gona a Suleja, kuma ƙwayarta tana daɗewa a fata da ƙasa. Matattun kaji da tsuntsaye ka bar su saboda murar tsuntsaye, mataccen ɓera kuma saboda zazzaɓin Lassa. Kifi ya ishe ka. A bakin teku kada ka juya wa ruwa baya, kada kuma ka fita da dare kai kaɗai.

3. Tattara su

Idan ka tarar da kifin a ƙasa, ka sa safa, ka ajiye farantin a gefensa, ka ɗaga shi da sanda ka karkaɗe a kan farantin. Waɗanda suka zubo ka share su da gashin kaza zuwa kwalba. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya tsaya nan. Rabin abin da kake nema yana ƙarƙashin kifin. Ka ɗebi ƙasar wurin, zurfin ɗan yatsa, ka tankaɗe a rariya a kan farantin, sannan ka jira. Da yawansu suna naɗe ƙafa su yi lamɓo kamar tsakuwa, sai an yi minti biyu ko uku shiru suke motsi.

Idan tarko za ka kafa, ka haƙa rami ka binne kofin roba har bakinsa ya yi daidai da ƙasa. In ya ɗago ko da kaɗan ne, mai tafiya a ƙasa zai zagaye shi ya wuce, kuma marar fiffiken da kake nema da ƙafa kaɗai yake zuwa. Ka zuba ruwan gishiri kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kofin, ka ɗiga sabulun wanke-wanke ɗigo ɗaya don duk wanda ya faɗa ya nutse. Ka ɗora ragar waya a bakin kofin, mai ramukan da ƙwaro zai iya wucewa, ka ɗaure yankan kifi a tsakiyarta, ka danne gefunan da manyan duwatsu. Na taɓa kafa guda shida a bakin wani dam na danne da ƙananan duwatsu don sauri, washegari na tarar karnuka sun yi walima, ko kofi ɗaya bai tsira ba. A teku kaguwa ce ke wannan aikin, kuma dole tarkon ya kasance sama da iyakar cikowar ruwa.

Kafin ka binne komai ka sanar da mai unguwa ko sarkin ruwan wurin. Baƙo yana binne kofi da kifi a bakin ruwa da magariba, kowa ya san fassarar da za a yi masa.

Ka riƙa dubawa kullum, kamun kowace rana kwalbarsa daban. Ka ware tufafin wannan aiki dabam da na salla.

4. Kashe su, ka rubuta takarda nan take

Ka jefa su a sifirit kai tsaye. Waɗanda kake son launinsu da gashin jikinsu su zauna yadda suke, ka sa su a busasshiyar kwalba da guntun tishu, su kwana biyu a firiza. In wutar unguwarku ba ta tsayawa, ka haƙura da sifirit ɗin, don ƙwaron da bai gama mutuwa ba yakan farfaɗo a kan fil.

Takardar ita ce rabin aikin. Ka yanki ƙaramar takarda ka rubuta da fensir: gari, ainihin wurin, kwanan wata, abin da aka same shi a kai, danshi ko bushewar mushen, dare ne ko rana, da sunanka. Ka jefa ta cikin kwalbar, cikin sifirit ɗin. Da fensir na ce. Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini kwalabe goma sha biyu da ta rubuta wa takarda da biro, sifirit ya wanke rubutun tas ya koma shuɗi, ba ta iya tuna wanne ne na kasuwa wanne ne na dam ba. Aikin sati uku ya tafi. Rubutu a kan murfi ma yaudara ne, murfi yana musanyuwa.

5. Tabbatar dangin buzuzu ne

A Hausa komai ƙwaro ne, daga kiyashi har kyankyaso. Wanda muke magana a kai shi ne dangin buzuzu, babban gidan da masana suka rubuta wa kusan iri 400,000. Alamarsa uku: ƙafa shida, baki mai muƙamuƙin tauna, da taurin ɓawo biyu a baya waɗanda suka haɗu a miƙaƙƙen layi daga wuya zuwa ƙasa, ba ɗaya ya hau kan ɗaya ba.

A gaɓar teku abin da ya fi yawa a ƙarƙashin tarkace ba ƙwaro ba ne ma. Wasu 'yan fararen abubuwa ne masu tsalle kamar ƙuma, jikinsu a matse ta gefe, ƙafafunsu sun fi shida nesa ba kusa ba. 'Yan uwan jatan lande ne. Akwai kuma masu ƙafa 14 da ke da faɗi kamar ƙwaryar da aka kife. Duk ka fitar da su. Mai almakashi a wutsiya shi ma wani gida ne daban, haka ɗan kyankyason da bai yi fiffike ba. Sai tsutsa: mai gashi-gashin nan da ke cikin bandar kifi ɗiyar dangin buzuzu ce, ba ta da fiffike saboda ba ta girma ba. Ka adana ta, amma kada ka rubuta ta a matsayin "marar fiffike".

6. Ɗaga ɓawon ka gani da idonka

Nan ne gaskiya take, kuma nan ne ake tsallakewa. Ɓawon bayan nan murfi ne kawai. Fukafukan tashi, siraran nan masu kama da leda, suna naɗe a ƙarƙashinsa. Yawancin ƙwarin mushe suna iya tashi sarai, ai da haka suke gano gawa daga nesa, amma in an taɓa su sun fi son gudu ko lamɓo. Don ka zungure shi da tsinke bai tashi ba, ba ka tabbatar da komai ba.

Kafin ka buɗe, ka duba alamun waje. Mai tashi yana da kafaɗa, wato tushen ɓawon ta gefe yana da ɗan tudu mai kusurwa, gefunan jikinsa kuma sun miƙe. Wanda ya rasa fiffike kafaɗarsa a zube take, bayansa ya yi siffar ƙwai ko ta goran duma. Ka juya shi cikinsa sama: idan tazarar da ke tsakanin ƙafafun tsakiya da na baya gajeriya ce ƙwarai, alama ce ta cewa naman da ke kaɗa fiffike ya ragu. Waɗannan duk shaidu ne, ba hukunci ba.

Hukuncin sai an buɗe. Ka zaɓi guda ɗaya daga cikin waɗanda kake da su da yawa. Idan daga sifirit ya fito, yawanci yana da laushin da ya isa. Idan busasshe ne, ka jiƙa shi a ruwan zafi na 'yan mintuna, ko ya kwana a rufaffiyar kwalba mai jiƙaƙƙen tishu. Kada ka gwada buɗe busasshe, tarwatsewa zai yi. Ka danne shi a hankali da gefen matsefata a kan tishu, ka zura bakin fil a ƙarshen layin da ɓawon biyu suka haɗu, ta wajen wutsiya, ka ɗaga na hagu sama da gefe. Na hagu, domin na dama nan ne fil zai shiga in za a kafe shi.

Abu huɗu za ka iya tararwa. Ko fiffike cikakke a naɗe, wanda in ka warware shi ya fi ɓawon tsawo. Ko ɗan guntu da bai kai rabin ciki ba, wanda ba ya ɗaukar mai shi ko'ina. Ko ba komai, bayan cikin kawai kake gani. Ko kuma ɓawon ya ƙi rabuwa sam, biyun sun manne sun zama ƙoƙo guda, ka ɗaga su tare su ɓalle tare. Na uku da na huɗu su ne marasa fiffike na gaskiya. Ka rubuta wanda ka gani da kalmominsa, kuma ka buɗe aƙalla uku ko huɗu, domin akwai irin da a cikinsa wasu ke da cikakken fiffike wasu guntu.

7. Ƙaho da ƙafa, sannan sunan gida

Yanzu ka auna tsawonsa da rula, daga goshi zuwa ƙarshen ciki, ban da ƙaho. Ka dubi ƙahonnin nan biyu na goshi: zare ne, ko carbi, ko masu kulki a ƙarshe, ko masu gwiwa? Sannan a ƙarƙashin madubi ka ƙirga 'yan gaɓoɓin tafin ƙafa, ta gaba, ta tsakiya, ta baya. Launi shi ne na ƙarshe, domin shi ya fi ruɗi.

Wanda zai fi cika maka kwalba a Kano shi ne ƙwaron fata, Dermestes maculatus. Tsawonsa milimita 6 zuwa 10, bayansa baƙi-baƙi, da farin gashi a gefen wuya. Ka juya shi: cikinsa fari ne tas da baƙaƙen ɗigo a gefe. Ƙahonsa gajere mai kulki. Da gilashin sau 20 ka dubi ƙarshen ɓawon ta wutsiya, za ka ga ƙananan haƙora kamar na zarto da ɗan tsini a daidai layin tsakiya, wannan ne ke raba shi da 'yan uwansa masu kama da shi. Tsutsarsa ce mai gashin nan, da layi mai haske a gadon baya da ƙayoyi biyu a wutsiya, ita ce ke huda fata tana mayar da kifi gari, in za ta rikiɗa kuma har katako takan haƙa. Yana tashi. Majema da masu kifi sun san shi fiye da kowane ɗalibi, ka saurare su.

Abokin tafiyarsa Necrobia rufipes ne, ɗan ƙarami mai milimita 4 zuwa 7, jiki shuɗi-kore mai ƙyalli, ƙafafu ja. Gudu gare shi. Wannan ko daga hoto ana iya gane shi, kuma shi ma yana tashi.

Idan ka ga ɗan dunƙulalle baƙi wuluk mai sheƙi kamar an goge shi da mai, tauri kamar tsakuwa, ɓawonsa bai rufe gaɓoɓi biyu na ƙarshen ciki ba, ƙahonsa mai gwiwa da kulki, gidan Histeridae ne. Ba mushen ya zo ci ba, tsutsar ƙuda ya biyo.

Wanda ya fi jefa ɗalibai a rami shi ne gidan Staphylinidae: dogo siriri, ɓawonsa ɗan guntu kamar 'yar shara, fiye da rabin cikinsa a waje, in an tsokane shi ya ɗaga wutsiya kamar kunama. Kallo ɗaya za ka rantse ba shi da fiffike. Ka ɗaga 'yar sharar ka ga yadda ya ninke dogon fiffike a ciki kamar an ninke lema. Gargaɗi a nan: a cikin gidan akwai mai ratsin ja da baƙi, Paederus, wanda in aka murƙushe shi a fata yake sa ƙuna da bororo kamar an zuba ruwan zafi. Kada ka taɓa shi da hannu, in ya hau ka ka hure shi, in ya fashe ka wanke da sabulu nan take, kuma kada hannun ya je ido.

A busasshen mushe da ya rage gashi da ƙashi za ka samu wani mai kaushin baya, gurɗa-gurɗa, ya shafe jikinsa da ƙasa har ba a bambanta shi da ɓurɓushi. Gidan Trogidae ne.

Marar fiffike na gaskiya da za ka iya samu a ƙasarmu yawanci daga gidan Tenebrionidae yake: baƙaƙen nan masu yawo a yashi da rana tsaka ko da dare, da yawansu ɓawonsu a manne. Shaidarsu ita ce ƙirgar tafin ƙafa, 5 a gaba, 5 a tsakiya, 4 a baya, ƙaho kamar carbi wanda ya fito daga ƙarƙashin wani ɗan tudu a gefen kai, tudun kuma ya ɗan ci cikin ido. Ƙwarin busasshiyar ƙasa ne masu cin duk abin da suka samu, sun biyo ta kan kifinka ne kawai. To ga marar fiffike a kan mushe a bakin ruwa, amma ba na teku ba ne.

8. Na gaɓar teku

Wanda ake yawan turo mini sunansa shi ne Lyrosoma, na gidan Agyrtidae. Gaskiya ne ba shi da fiffike, gaskiya ne yana cin mushe a gaɓa. Bai kai santimita ɗaya ba, launinsa ja-ja mai duhu, wuyansa ya tsuke ta baya, ɓawonsa ya rufe ciki duka da layuka a jere daga sama zuwa ƙasa, tafin ƙafarsa 5, 5, 5. Sai dai gidansa gaɓar arewacin tekun Fasifik ce mai tsananin sanyi: tsibiran Aleutian na Alaska, Kamchatka da tsibiran Kuril a gabashin Rasha, da arewacin Japan. Ƙwaron da ba ya tashi, wanda ya saba da ƙanƙara, babu abin da zai kawo shi Badagry balle Bagauda. Duk wanda ya rubuta wannan suna a kan samfurin Najeriya, hoto ya bi, bai bi takardar wuri ba.

A gaɓa mai yashi ta ƙasashe masu ɗumi, wanda ya fi dacewa ka sa rai da shi a ƙarƙashin mataccen kifi shi ne Phaleria, kuma ɗan gidan Tenebrionidae ɗin nan ne. Siffar ƙwai, milimita 5 zuwa 8, launin yashi, wani da baƙin tabo a baya wani babu, ƙafafun gaba masu faɗi don haƙa. Launin ya sa ba a ganin sa sai ya motsa, shi ya sa rariya da farin faranti suka zama dole. Ka ƙirga ƙafa, 5, 5, 4 za ka samu. A cikinsu akwai masu tashi akwai waɗanda fiffikensu ya ragu, don haka mataki na 6 bai faɗi ba. Kada kuma tabon baya ya sa ka raba su iri biyu, a iri ɗaya ana samun mai tabo da marar tabo.

Histeridae da Staphylinidae su ma suna da 'yan uwa mazauna gaɓa, a cikin ruɓaɓɓiyar ciyawar teku. Alamominsu ba su canza ba.

9. Ɗauki hoto, ka nemi tabbaci

Ka ɗora ƙwaron a farar takarda kusa da rula, a inuwa mai haske, ba cikin rana ba kuma ba da filashi ba. Ka manna gilashin hannun a idon kyamarar waya, ka jingina gwiwar hannu a tebur. Hoto huɗu: baya, ciki, gefe, da kai kusa-kusa yadda ƙaho zai fito. Na biyar shi ne wanda ka ɗaga wa ɓawo. Manhajar iNaturalist tana da amfani idan ka sa ainihin wurin da kwanan wata, amma sunan da na'ura ta fara jefo maka shawara ce kawai, ta fi sanin ƙwarin Turai da Amurka, ka jira mutum masani ya duba. Mafi inganci shi ne a gwada samfurinka da wanda aka riga aka tantance. Ka fara da sashen nazarin halittu na Jami'ar Bayero, in abin ya faskara akwai tarin ƙwari a Samaru, Zariya.

In iyakar abin da ka tabbatar sunan gida ne, ka tsaya a sunan gida. In ka kai ga sunan zuriya, kamar Phaleria, ka rubuta shi ka bi shi da sp., wato ba a tantance ainihin irin ba. Babu malamin kirki da zai rage maka maki kan haka.

10. Ajiya

Na sifirit ka cika kwalbar har wuya, ka ajiye a duhu, ka riƙa dubawa duk wata, domin zafin Kano yana shanye sifirit ko da murfi a rufe. Wanda ya kai santimita ɗaya ka soke shi da fil ta ɓawon dama, kusa da kafaɗa. Ƙananan kuwa ba a soke su, ana manna su ne da ɗigon gam a tsinin 'yar takarda mai kusurwa uku, ta gefen dama, yadda cikin zai kasance a buɗe, sai a soke takardar. Takardar bayani tana ƙasa a kan fil ɗin. Ka kafe su a farar kumfar da ke zuwa cikin kwalin kayan lantarki, a cikin akwati mai rufuwa ruf, su bushe sati guda kafin ka rufe, musamman da damina.

Ka sa kafur a kusurwa, ka kafe shi da fil don kada ya yi ta gangara yana karya ƙafafu. Babban maƙiyin akwatin nan dangin ƙwaron fatan da ka kamo ne, domin busasshen ƙwaro ma mushe ne a wurinsu. Duk ranar da ka ga ɗan gari a ƙarƙashin wani samfuri, an shiga. Ka naɗe akwatin a leda, ka kai wa mai sayar da ƙanƙara ya ajiye maka a firiza sati guda, ka bar shi ya huce a cikin ledar kafin ka buɗe, sannan ka sake sabon kafur.